Bindigar Feshi: Dacewa da Inji Ita Ce Ma'auni, Ba Girman Lambar Kwali Ba

Ƙaramin injin wanki mai feso ruwa da ƙarfi ya daɗe da fita daga hannun masu sana'ar wankin mota kaɗai. Yau ana samunsa a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, ana wanke mota da babur da adaidaita sahu da shi, ana kuma fitar da ƙurar hunturu daga darduma da daɓen tsakar gida. A jikin wannan inji babu abin da ke shan wahala kamar bindigar feshi, wadda ake riƙewa a hannu a danna kunamarta ruwa ya fito. Ita ake jefarwa ƙasa, ita ake ja a kan siminti, ita tayar mota ke takawa, don haka takan riga sauran sassan gajiya. Ranar da ta fara yoyo ko kunamarta ta karye, maigida kan nufi kasuwa, Sabon Gari ce ko Ƙofar Ruwa ko shagunan intanet, ya tarar da bindigogi jere an rubuta 4,000 PSI ko 5,000 PSI da manyan haruffa a kwalayensu, mai shago kuma yana cewa, "Alhaji, ɗauki wannan, ta fi ƙarfi." A nan kuɗin mutane da yawa ke salwanta. Bindiga ba ta ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Abin da ya kamata mai saye ya nema shi ne wadda ta dace da injinsa ta fuska uku: mahaɗin da ke kama tiyo, iyakar matsi da yawan ruwan da take iya ɗauka, da girman hujin bakin da ruwa ke fita ta cikinsa.

Daga ina ƙarfin ruwan yake fitowa?

Hujjar wannan magana tana cikin yadda injin kansa yake aiki. A cikinsa akwai famfo mai ƙananan fistin, galibi guda uku, waɗanda ke tura wani adadi na ruwa a kowane minti, kuma adadin ba ya sauyawa sosai muddin wuta ko fetur na juya su yadda ya kamata. Abin da famfo ke bayarwa ke nan, yawan ruwa. Matsi kuwa yana samuwa ne lokacin da aka tilasta wa wannan ruwa fita ta wani ɗan huji mai faɗin kimanin milimita ɗaya, kamar yadda ruwan tiyon ban-ruwa ke cin nisa idan aka toshe rabin bakinsa da babban yatsa. Tsakanin famfo da hujin nan bindiga take zaune, aikinta kuma buɗewa da rufewa ne kawai. A cikinta akwai ɗan bawul mai ƙwallon ƙarfe da sifirin. In an danna kunama ya buɗe hanya, in an saki ya toshe. Idan matsi ya kai 100 a ma'aunin bar, ruwan na fita da gudun da ya kai kusan kilomita 500 a awa, amma famfo da huji ne suka haɗu suka samar da wannan gudu. Iyakar abin da bindiga mai kyau za ta yi shi ne ta bar ruwan ya wuce ba tare da ta rage masa komai ba.

A ɗauki injinan kamfanin Kärcher na Jamus, waɗanda suke cikin sanannu a kasuwannin duniya, don a ga lissafin a fili. Samfurin K2 iyakarsa bar 110 da lita 360 a awa, K5 bar 145 da lita 500, K7 na baya-bayan nan kuma bar 180 da lita 600. Tun da bar ɗaya daidai yake da PSI 14.5, to waɗannan injina uku suna tsakanin PSI 1,600 ne zuwa 2,600, kuma wannan ma ƙololuwa ce, matsin da suke aiki da shi na yau da kullum bai kai haka ba. Lambar da ke jikin bindiga kuwa tana faɗin iyakar matsin da aka ƙera ta ta yi aiki da shi lafiya ne. Bindigar da aka rubuta wa 5,000 PSI, wato kimanin bar 345, in an ɗaura ta a K2, ruwan da zai fito ba zai wuce na K2 ba. Amfanin lambar guda ɗaya ne, ta zama ta ɗara ta injin, domin a samu rata ta kariya. Da zarar ta ɗara, duk abin da ya ƙaru a kai ba ya wanke komai. Saboda haka tambayar farko tana jikin injin ne, a ɗan allon bayanan da aka liƙa masa a baya ko a ƙasa, inda aka rubuta matsinsa da yawan ruwansa da zafin da yake ɗauka.

Akwai wanda zai ce shi da idonsa ya ga ruwa ya ƙara kaifi bayan ya sauya bindiga, kuma ba ƙarya yake yi ba. Sai dai dalilin yana wani wuri dabam. Bakin feshi yana cinyewa da daɗewa, musamman inda ruwa ke ɗauke da yashi. Hujinsa kan buɗe a hankali, matsi ya dinga raguwa ba tare da mai shi ya lura ba. Sabuwar bindiga na zuwa da sabon baki, sai inji ya koma ƙarfinsa na asali, a ɗauka ƙari aka samu. Wani lokacin kuma tsohuwar tana zubar da ruwa ta mahaɗi, sabuwar ta toshe asarar. Wani lokacin sabon bakin ne ya tattara ruwan wuri ɗaya maimakon ya baza shi, sai dukan ya fi zafi a ɗan ƙaramin fili alhali jimillar ƙarfin ba ta sauya ba. A duk waɗannan halaye uku, sabon baki na 'yan kuɗi kaɗan ko sabuwar robar zobe za su iya yin aikin da aka sayi bindiga sukutum dominsa.

Mahaɗi: inda milimita ɗaya ke ɓata ciniki

Mafi yawan bindigogin da ake mayarwa shago ko ake jefawa a sito, laifinsu bai wuce sun ƙi kama tiyo ba. Mahaɗin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira M22, mai tiredi na milimita 22. Matsalarsa ita ce iri biyu ne masu kama ɗaya a ido. A cikin nocin da ke ƙarshen tiyo akwai wani ɗan tsinin ƙarfe sanye da robar zobe, wanda ke shiga ramin gindin bindiga; kaurin tsinin nan a wasu injina milimita 14 ne, a wasu kuma 15. Na 15 ba ya shiga ramin 14 sam. Na 14 kuwa yana shiga ramin 15 cikin sauƙi, tiredi ya ɗauru tsaf har mutum ya yi zaton ya dace, amma da an kunna inji sai ruwa ya yi ta tsartuwa. Mutane kan garzaya su naɗa farin tef na masu aikin famfo, alhali ba tiredi ne ke tsare ruwa a wannan mahaɗi ba, robar zoben ce, kuma tef ba ya cike gurbin da ta bari. Bayan M22 akwai mahaɗin da ake turawa ya ƙulle da kansa: mai girman 3/8 na inci a gindin bindiga, da mai 1/4 na inci a gaba inda baki ke shiga.

Ban da waɗannan na gama-gari, manyan kamfanoni da dama suna ƙera nasu mahaɗin na kansu. Kärcher, wanda mai kafa shi Alfred Kärcher ya ƙera injin wanki mai matsi da ruwan zafi na farko a Turai a 1950, kamfanin kuma ya fitar da ƙaramin samfurin gida mai ɗaukuwa a 1984, yana amfani da wani mahaɗi da ake turawa a murɗa a injinansa na gida. Bosch da Nilfisk da Lavor su ma kowanne da irin nasa, kuma sandar wani ba ta shiga bindigar wani. A kasuwanninmu abin ya ƙara cakuɗewa, domin sababbin injinan Sin irin su Ingco da Total suna zaune kafaɗa da kafaɗa da na gwanjo daga Turai da Amurka, kowanne da ma'aunin ƙasar da aka yi shi dominta. Akwai ƙananan mahaɗan tsakani da ke sada wani iri da wani, kuma guda ɗaya mai kyau ba laifi ba ne. Amma wanda ya jera uku ko huɗu don ya tilasta wa bindiga shiga inda ba nata ba, ya ƙara wuraren yoyo ne da wuraren da za su iya ɓallewa. Ɗaurin robar tayar keke da walda a bakin hanya kuwa ba su da gurbi a inda matsi ya haura bar 100.

Kada a raina ɗan yoyo a ce ai ruwa ne kawai ke ɗiga. Yawancin injinan lantarki na gida suna da makunni mai jin matsi: da an saki kunama, matsi ya taru a tiyo, inji ya mutu da kansa, da an danna, matsi ya sauka, ya sake tashi. Idan bindiga ko mahaɗinta na zubarwa, matsin ba ya tsayawa, sai a ji inji yana tashi yana mutuwa shi kaɗai kowane ɗan lokaci alhali babu mai taɓa shi. Kowane tashi yana jan wuta mai yawa, kuma a haka makunni ke lalacewa, kwayil ya yi zafi. Injin fetur kuwa ba ya mutuwa in an saki kunama. Wani bawul ne ke mayar da ruwan yana zagayawa a cikin famfo, kuma in aka bar shi a haka na 'yan mintoci ruwan kan yi zafin da zai iya cinye robobin ciki. Ta kowace fuska aka duba, lafiyar famfo, wanda shi ne mafi tsada a jikin inji, tana rataye da yadda bindiga ke buɗewa da rufewa daidai.

Baki: girman huji da faɗin feshi

Idan akwai wani sashe a gaban tiyo da ke sauya matsi da gaske, to baki ne, kuma shi ne masu saye suka fi yin sakaci da shi. A jikin bakin ƙarfe na gama-gari akan buga lamba biyar, misali 25030. Biyun farko suna nuna faɗin feshi, digiri 25. Ukun ƙarshe kuma girman huji, wato 3.0. Ma'anar wannan girma ita ce adadin galan na Amurka, mai lita 3.8, da zai wuce ta hujin a minti ɗaya idan matsi ya kai PSI 4,000. Ƙananan injinan lantarki masu ba da lita 6 zuwa 8 a minti galibi huji mai girman 2.5 zuwa 3.0 ne ke dacewa da su. Idan aka sa wa injin da ke son 2.5 baki mai 4.0, matsinsa zai faɗi ƙasa da rabi, maigida ya yi tsammanin famfo ya mutu. Idan kuma aka sa masa wanda ya yi ƙanƙanta da nufin ƙara kaifi, matsin zai hau har ya kai iyakar da aka ƙera injin a kai, daga nan inji ya shiga shaƙewa da tsayawa, yana jan wutar da ta fi ƙarfinsa. Jerin baki biyar masu launi da ake haɗawa da sabuwar bindiga ba kullum ake rubuta girman hujinsu a kwali ba, don haka wajibi ne a juya su a karanta lambar da ke jikin ƙarfen.

Launukan kansu suna da tsari sananne. Ja ba ya baza ruwa ko kaɗan, digirinsa sifili ne, yana fitar da shi a tsinke guda. Rawaya digiri 15 ne, na kankare tauri a kan siminti da ƙarfe. Kore digiri 25, shi ne na aikin yau da kullum, daɓe da taya da ƙarƙashin mota. Fari digiri 40, na fentin mota da gilashi da duk abin da ke son lallaɓawa. Baƙi kuwa digiri 65 ne, hujinsa babba, ana sa shi ne don matsi ya sauka inji ya ja sabulu. Ga mai gida, kore da fari da baƙi sun isa kusan duk abin da zai wanke. Ko da su ma akwai ladabin nisa: littafin Kärcher na umartar a bar aƙalla santimita 30 tsakanin baki da tayar mota ko jiki mai fenti. Sarƙar babur da boris ɗin ƙafa ba sa son a tunkare su kai tsaye, domin ruwan na kore man giris ya zauna a gurbinsa. Farantin sola ma, duk da ƙurar da ke rufe shi a lokacin hunturu, masu ƙera shi sukan hana wanke shi da matsi mai ƙarfi, saboda ruwa na iya kutsawa ta gefen firam.

Maganar jan baki ta wuce ta fenti, ta shafi jikin mutum. Likitocin tiyata sun daɗe da sanin cewa matsin da bai wuce PSI 100 ba, kimanin bar 7, yana iya huda fata, ga shi kuwa ƙaramin injin gida irin K2 ya ninka wannan fiye da sau goma. Raunin yaudara gare shi. A waje ɗan ɗigo ne kamar sukar allura, a ciki kuwa ruwa da datti da sabulu sun kutsa cikin nama, kuma in aka yi jinkiri abin kan kai ga ruɓewa har a rasa yatsa. Duk wanda irin wannan ya same shi, asibiti zai nufa nan take, ba kemis ba. A Amurka, hukumar kula da amincin kayan masarufi, CPSC, ta ƙiyasta cewa sama da mutum 6,000 aka kai sashen gaggawa a 2014 saboda raunin da ya shafi waɗannan injina, kuma a 2016 mujallar Consumer Reports ta daina ba da shawarar sayen injin da ke zuwa da baki mai digiri sifili. A gidajenmu, inda akan yi wanki da silifas ko ƙafa ba takalmi, yara kuma na zagaye da mai wanki, darasin ya fi kamawa. Bindigar da ba ta da makullin kunama bai kamata ta shiga gida mai yara ba.

Za a iya cewa ai masu wankin mota a bakin titi suna riƙe manyan bindigogi tun safe har dare, suna kuma kankare laka da tsinken ruwa, ba abin da ya same su. Amsa ita ce injinansu dabam ne, aikinsu ma dabam. Da yawansu na fetur ne masu tura ruwa mai yawa, kuma bindigar da ta dace da su an yi ta ne don wannan yawa da wannan tsawon aiki. Hannunsu kuma ya saba da nisan da ya kamata, sabon da mai wanke motarsa sau ɗaya a mako bai samu ba. Wanda yake da taurin dattin da koren baki ya kasa, akwai baki mai juyawa, wanda ke kaɗa tsinken ruwa a da'ira da sauri, ya ba da kaifi ba tare da ya tsaya a wuri guda ba. Shi ma na siminti ne da dutse, ba na jikin mota ba, amma ya fi jan baki sauƙin sarrafawa.

Gajera ko doguwa, roba ko tagulla

Bayan an tabbatar da dacewa ne ake zuwa ga abin da hannu ke so. Gajerar bindiga marar sanda ta yi farin jini wajen masu son wankin mota, domin tana shiga ƙarƙashin laka-gad da lungunan taya, ba ta kuma gajiyar da kafaɗa. Amma gajartarta na kawo ruwan kusa da ɗaya hannun da kuma ƙafa, kuma idan baki bai ƙulle sosai a mahaɗinsa ba, dannawar farko na iya harba shi ya fasa gilashi. Shi ya sa ƙa'ida ce a ja bakin da hannu a tabbatar ya kama, a kuma fara danna kunama ana kallon ƙasa. Doguwar sanda ta fi dacewa da daɓe da bango, tana hana sunkuyo, tana nisanta feshin daga jiki. Akwai kuma turin baya da ruwa ke yi. Injin da ke ba da lita 6 a minti a kan bar 100 yana tura hannu da nauyin da bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma mai lita 15 a kan bar 250 turinsa ya kusa kilo 6, wanda ke bukatar hannu biyu da tsayuwa mai kyau. Mafi alheri ga gida ita ce bindigar da ake iya ɗaura wa sanda a kuma cire.

Game da abin da aka ƙera ta da shi, kada ƙyallin waje ya ɗauki hankali. Gangar jikin kusan kowace bindiga roba ce, har da na ƙwararru irin na Suttner na Jamus da MTM Hydro na Italiya. Bambancin yana ciki, a bututu da bawul da mahaɗi. Tagulla da ƙarfen da ba ya tsatsa su ne masu daɗewa. Baƙin ƙarfen da aka yi wa rufin ƙyalli kuwa yakan fara tsatsa da zarar rufin ya goge, tsatsar ta gangara ta toshe huji. Mahaɗin gindi mai juyawa ƙari ne da ya cancanci kuɗinsa, saboda yana hana tiyo murɗewa, murɗewa kuwa na daga cikin abubuwan da ke karya tiyo. Kunama mai taushi ma ba ƙawa ba ce ga wanda zai riƙe ta rabin awa. Mai son kwalbar kumfa ya sani cewa ita ma tana da nata hujin: yawanci suna zuwa da na milimita 1.25, ƙananan injinan lantarki kuwa sun fi ba da kumfa mai kauri da na milimita 1.1. Ƙa'idar dai ɗaya ce a kowane mataki, a auna kayan da injin da ke gida.

Wani abin da ya keɓanci yankinmu shi ne ruwa da wuta, kuma sau da yawa su ne masu laifin da ake ɗora wa bindiga. Gidaje da yawa daga tankin sama ko rijiyar burtsatse ko jarkokin 'yan garuwa suke samun ruwa. Tsayin mita 10 ne ke ba da matsin bar ɗaya, don haka tankin da ke kan mita 5 rabin bar kawai yake turowa, kuma in tiyon shiga siriri ne ko dogo, famfo ba zai ƙoshi ba, ruwa ya dinga fita yana yankewa. Injin lita 360 a awa yana shanye jarka mai lita 25 cikin minti huɗu da 'yan daƙiƙai. Yashi kuma, ko ƙwaya ɗaya ce ta maƙale a bawul, ta isa ta hana bindiga rufewa. Matatar ruwa a mashigar inji ta fi kowace sabuwar bindiga arha da amfani. K2 da K5 ba a yi su don ruwan da ya haura digiri 40 ba, baƙin tankin roba da ya wuni a ranar Afrilu kuwa na iya kusantar haka. Wutar da ta yi ƙasa da bolt 230 da injin ke bukata, ko ƙaramin janareta, su ma suna rage masa gudu. Wanda bai duba waɗannan ba zai sayi bindiga ta biyu da ta uku matsalar tana nan.

Ta kamfani ko ta kasuwa, mai tsada ko mai araha

Wasu na ganin hanya mafi sauƙi ita ce a sayi bindigar kamfanin da ya ƙera injin, a huta da duk wannan awo. Akwai gaskiya mai yawa a nan. Ta kamfani tana shiga ba gardama, bakinta an auna shi da famfon, kuma ga injin da ke cikin garanti ita ce ba ta jawo musu. Ga wanda bai son lissafi, wannan shawara ce mai kyau. Sai dai ba kullum ake samunta ba, musamman ga injin gwanjo da aka daina ƙera irinsa, sannan sunan kamfani a kwali ba ya tabbatar da cewa daga kamfanin ta fito, tun da jabun kaya ba baƙo ba ne a kasuwa. Haka kuma wasu bindigogin da ke zuwa da ƙananan injina ba sa karɓar baki na gama-gari, sai mutum ya zama ba shi da zaɓi. A lura kuma, abin da ya sa ta kamfani ke aiki lafiya shi ne an riga an daidaita ta da injin. Duk wata bindigar da aka daidaita haka za ta yi aikin da ta yi.

Wasu kuma na cewa a sayi mafi arha, in ta lalace a sake, tun da kuɗi ya yi wuya. Ba a raina wannan uzuri, kuma babu mai cewa sai an sayi ta ƙwararru don wanke mota ɗaya. Mai injin bar 110 da ya biya kuɗin bindigar da aka yi wa ruwan zafi da aikin masana'anta ya yi ɓarna ne shi ma. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan hasarar ba ta tsaya a kan bindigar ba. Wadda ba ta da sunan maƙeri, lambar da ke jikinta babu mai tsaya mata. In ta yi yoyo inji take kashewa, in ta fashe hannun mai riƙe da ita take samu. Tsakanin mafi arha da mafi tsada akwai fili mai faɗi na bindigogi masu cikin tagulla da makullin kunama da cikakken bayani, kuma a nan mai gida ya kamata ya tsaya.

Abin da ya rage shi ne a mayar da wannan sani aiki. Kafin fita kasuwa a ɗauki hoton allon bayanan inji, a tafi da tsohuwar bindiga da tiyon kansa, a gwada mahaɗi a gaban mai shago, a karanta lambar da ke jikin baki, a tambayi ko ana samun robobin zobe na canji. In an dawo gida a buɗe ruwa ya kori iska kafin a kunna, a saki kunama a saurara ko inji zai yi shiru, bayan an gama kuma a kashe shi a danna kunama matsin da ya rage ya fita kafin a kwance komai. Masu shigo da kaya da masu shaguna su ma akwai hakki a kansu. Rubuta girman mahaɗi da girman huji a kwali ba ya cin kuɗi, kuma bayani ne da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ke da hurumin neman a bayyana a kan kayan da ke iya raunata mutum. Ciniki na gaskiya shi ne mai shago ya fara tambayar wane inji ke gida kafin ya miƙo kowace bindiga, mai saye kuma ya ƙi biya sai ya ga ta kama tiyonsa ba ɗigo.